Ɗigon Rawaya na Gu Fugen

Shekara talatin da ɗaya Gu Fugen ya yi a masana'antar sarƙa da ke bakin kogin Yangtze. Sarƙar da suke ƙerawa ita ce ke riƙe jiragen haƙar mai a tsakiyar teku, inda ruwa ke da zurfi sosai. Zobe ɗaya nata ya fi ƙato nauyi.

Yanzu na'ura ce ke gwada walda, amma ba a bar tsohuwar al'ada ba. Kafin sarƙa ta fita, mai dubawa zai ƙwanƙwasa kowane zobe da guduma, ya saurari ƙarar, sannan ya ɗiga fenti. Kowa da launinsa. Na Gu rawaya ne.

Shekara biyu ke nan kunnensa ya mutu. Matarsa Aizhen ce kaɗai ta sani, domin idan ruwa ya tafasa butar shayi takan yi ta fito da ƙara a gabansa bai motsa ba. A wurin aiki bai faɗa wa kowa ba. Yakan buga, ya karkata kai, ya ɗiga fenti.

A ƙarshen damina sarƙa ta tsinke a wani jirgi lokacin guguwa, wani ma'aikaci ya rasa ƙafa. Aka dawo da karyayyen zoben cikin akwatin katako. Da aka kankare tsatsar, ɗigon rawaya ne ya fito.

Injiniyoyi sun yi kwana tara suna bincike. Suka ce waldar lafiya lau take, gishirin teku ne ya ci ƙarfen. Shugaban sashe ya dafa kafaɗar Gu, ya ce ya koma bakin aikinsa.

Lu Meifang, abokiyar aikinsa mai koren fenti, ta tsokane shi a wurin cin abinci.

"Tsoho Gu, ka tsira. Saki fuska mana, ko sai an kawo maka agwagwa sukutum?"

Leɓenta yake kallo don ya gane abin da take faɗa. Ya zaro gudumar daga ɗamara, ya ajiye kusa da kwanon shinkafarta.

"Ƙanwata, ban ji ƙarar wancan zoben ba. Ban ji ko ɗaya ba tun bara waccan."

Ta daina tauna. Shi kuwa ya cinye shinkafarsa tas, ya wanke kwano, ya je ofis ya maimaita maganar. Aka ba shi takardar ajiye aiki ya sa hannu, ya sa.

Da la'asar ya isa gida, ya zauna a kicin da rigar aiki. Butar tana fito. Aizhen ta shigo ta sauke ta.