Lauratu Mai Faci da Tuwon Gwadabe

Mahaifin Lauratu mai gyaran keke ne a Miga, kuma Allah bai ba shi ɗa namiji ba. Saboda haka ita ta tashi tana riƙe masa famfo, tana tsoma tib cikin ruwa don neman inda iska ke fita. Kafin ta isa aure ta fi shi iya faci. Girki kuwa, sai dai a yi shiru. Tuwonta gudaji ne zalla, miyarta ko ta yi tsululu ko gishiri ya yi mata yawa.

Aka aurar da ita ga Gwadabe, suka tare a Limawa cikin Dutse. Shi kuma a hannun kakarsa mai sayar da abinci ya girma, idan ya kaɗa miyar kuka har maƙwabta sai sun leƙo. Amma da yake namiji ne, sai ya kafa rumfar faci a bakin titi. Facinsa ba ya kwana. 'Yan adaidaita sahu suka riƙa dawo masa da tayoyi suna mita.

Wata rana zazzaɓi ya kwantar da shi, Lauratu ta zura hijabi ta je ta zauna a rumfar. Da ya warke ya tarar da masu babura sun yi layi, sai ya koma gida ya hura wuta. Ba su taɓa zama sun yi shawarar haka ba, kowa dai ya tsaya inda hannunsa ya faɗa.

Labari ya kai wa Baffa Mailafiya, ƙanin mahaifin Gwadabe. Ya hau babur daga ƙauye ya zo gyara gida. Aka kawo masa tuwon dawa, ya cinye tas, ya suɗe yatsu, sannan ya fara faɗa. Ya ce mace mai hannu irin wannan ba ta da abin yi a titi, kuma namiji a gaban murhu abin kunya ne ga dangi.

Lauratu ta durƙusa, ta sunkuyar da kai. "Gaskiya ne, Baffa. Daga gobe yadda ka ce haka za a yi."

Gwadabe ya dube ta, ta ɗauke ido.

Washegari ta tuƙa tuwo da hannunta, ta cika wa Baffa kwano. Ya kai loma ɗaya, ya daɗe yana taunawa, ya ce ai ya ƙoshi tun jiya. Da ya tashi tafiya ya tarar tayar baya ta sace. Lauratu ta ce ai ga maigida, aikin maza ne. Gwadabe ya yi faci iya ƙoƙarinsa. Baffa bai ko fita daga Limawa ba ya dawo yana tura babur, gumi ya jiƙa masa riga.

Ya zauna a inuwar rumfar ya huta, bai kalli kowa ba. Can ya ce, "'Yata, duba mini tayar nan." Ya juya wajen Gwadabe ya rage murya. "Kai kuma, wanda ya yi tuwon jiya, a ce masa ya ƙara."

Kwana biyu ya ƙara a gidan. Da ya koma ƙauye aka tambaye shi ko ya gyara su, ya ce yaran suna nan lafiya, a ƙyale su.