Dattijo Mai Yawo da Kilo

Ina layi a shagon naman halal da ke Wendover, a nan ƙasar waje. Gabana wani siririn dattijo ne, cikin kwat ɗin da ta yi masa yawa. Ko kallon naman ba ya yi, sikelin Sumaila mahauci kawai yake harara.

Da layi ya zo kansa, sai ya zura farar safar hannu, ya buɗe ɗan akwatin katako, ya ɗauko dunƙulen ƙarfe mai sheƙi a hankali, kamar jariri.

"Baba, sufeto ne kai?" in ji Sumaila.

"A'a, ɗana. Juya mini sikelin zuwa kilo." Ya ɗora ƙarfen yana leƙen lambar. "Ni na fara shugabantar ɗakin gwajin ma'auni na ƙasa, can gida. Da muka fara, ko fanka ba mu da ita. Da wannan kilon muke gwada kowane sikeli."

Sumaila ya kai hannu, dattijon ya make shi. "Gumin hannunka ma nauyi ne."

Ni dai ban yarda da shi ba. Takalminsa irin na masu aikin sito ne. Wataƙila a gwanjo ya sayi ƙarfen. Wataƙila kuma tsige shi aka yi, ya taho da abin cikin fushi.

Ya rufe akwatin, ya fice bai sayi ko tsoka ɗaya ba. Na fi son a ce ƙarya yake yi. In gaskiya ya faɗa, da me suke awo a gida tun da ya taho?