Injin Mai Neman Auren 'Yarmu

Yayana ne ya ɗora mini aikin. Shi yana Manchester, a Old Trafford, yana aikin asibiti, ni kuma ina Birmingham da ɗan garejina a gefen Ladywood. Wani saurayi ne ya fito neman auren 'yarsa ta fari, saurayin kuma a nan Birmingham yake zaune. Yaya ya kira ni ya ce, "Kai ne baffanta, kai ne waliyyinta. Ka bincika mini yaron nan kafin magabatansa su zo gaisuwa."

Na bincika. Na tambaya a masallacin da yake sallar Juma'a, na tambayi waɗanda suka san iyayensa tun a gida, na sa matata ta ji ta bakin mata. Aikin akanta yake yi, ba ya shan komai, yana kai mahaifiyarsa asibiti da kansa. Ni dai ban cika sakin jiki da mutumin da kowa ke yabo ba, amma ban samu abin kamawa ba. Yarinyar kuwa tana son sa, ko a waya kana jin haka a muryarta. Har na ƙudurta cewa a ƙarshen mako zan ce wa Yaya ya ba su izinin zuwa.

Kafin ƙarshen makon sai ga motar saurayin a bayan janwe, an jawo ta garejina.

Baƙa ce, ƙirar Jamus, mai ƙofa biyu, irin waɗanda in sun wuce sai ka ji gilashin shago yana rawa. Gareji ya fi a ƙirga a Birmingham, da ya kai ta ko'ina da ban taɓa sanin komai ba. Amma ta yaya mai neman aure zai kai motarsa wurin bare alhali baffan yarinya makaniki ne? Ya san in labari ya zo mini zan ce ya raina ni, kuma da na faɗa ɗin. Ladabinsa ne ya kawo shi hannuna. Ya durƙusa a kan simintin nan mai baƙin mai da wandonsa na ofis, ya gaishe ni kansa a ƙasa.

"Baffa, kawai ta fara misfiring ne a kan motorway, sai hayaƙi. I don't know what happened."

Na ce ya tafi aiki, zan duba.

Da filogi na fara, kamar kullum. Na farko da na ciro ba irin wanda kamfani ke sa wa wannan injin ba ne, irin mai jure zafi ne, an kuma matse bakinsa da gangan. Na ajiye shi gefe. Da na zo kan na uku sai na tarar ɗan ƙarfen bakinsa ya narke gaba ɗaya, ga ɗigo-ɗigon alminiyam a jikin farin tangaran ɗinsa, kamar an barbaɗa masa gishiri. Na san daga inda alminiyam ɗin ya fito. Na auna matsin silindar, allurar ma'aunin ta ƙi tashi. Na zura 'yar kyamara ta ramin filogin, na ga saman fistan duk ya ciccinye, gefe guda ya ɓalle.

Inji ba ya yi wa kansa haka a tafiyar yau da kullum. Akwai wata iska da masu son gudu ke sayowa a tukunya, naitiros, suna fesa wa inji ita don ya ƙone fetur fiye da ƙima a lokaci guda. Mota sai ta zabura kamar an tsikare ta. In fetur ɗin ya gaza ko da ɗan kaɗan ne, wutar cikin silinda sai ta yi zafin da ƙarfe ba zai ɗauka ba. Na sha ganin haka a motocin samarin unguwa. Amma ban so ya zama haka a wannan motar ba, don haka na ɓata rabin yini ina nema masa uzuri. Na duba famfon mai, na duba injekta mai fesa fetur, na duba ko ruwa ne ya ƙare. Duk lafiya lau.

Daga nan na bi bututun iska da yatsa, na ji wani rami a ƙasansa an toshe da sabon noti. Na ɗaga shimfiɗar but ɗin bayan motar, ga hujojin da aka ɗaure tukunya. A ƙarƙashin totur kuma ga wata siririyar waya an yanke ta an naɗe da tef, tef ɗin ko ƙura bai yi ba. Ashe kafin ya kira janwe sai da ya zauna ya kwance komai. Wannan ya fi narkewar fistan ɓata mini rai.

Da yamma ya dawo. Na shimfiɗa tsumma a kan benci, na jera filogin, na sa masa kujera. Ya ƙi zama, ya tsuguna. Tsakanin suruki da suruki akwai kunya, ban saba yi masa doguwar magana ba, shi ma bai taɓa kallon idona ba. Na miƙa masa na ukun.

"Ka san abin da ke narkar da wannan?"

Ya jujjuya shi. "Ko bad fuel ne, Baffa?"

Na ce, "Zan sake tambayarka, kuma daga wannan ba zan ƙara ba."

Ya ce, a hankali, shi ya sa aka ɗaura tukunyar, ya kusa shekara. Wai don filin tsere ya yi, inda ake biya a shiga. Kunya ce ta sa ya cire kafin ya kawo mini.

"A filin tseren ta lalace?"

"A'a. A babbar hanyar M6 ne, muna dawowa daga Manchester. Hanya ta yi clear, na danna naitiros ɗin sau ɗaya."

Na ji "muna" ɗin da ya faɗa. Na so ƙwarai in yi kamar ban ji ba, domin na san in na tambaya dole in kai amsar gaba. Amma yarinyar nan a hannuna aka yi mata huɗuba.

"Kuna dawowa kai da wa?"

Ya ɗago, karon farko da ya dube ni ido cikin ido. "Da ita, Baffa. Da ƙanwarta a baya. Na kawo su wajen walimar ƙawarta ne."

Na miƙe na shiga ofis na rufe ƙofa, don in na tsaya zan faɗi abin da ba ya gyaruwa. Fistan da ya ɓalle a irin wannan gudu yana iya kulle inji, ko ya watsa mai a ƙarƙashin taya. 'Ya'yan Yaya biyu ke nan a duniya, dukansu suna cikin motar. Na zauna a kan kwalin batir.

Washegari bayan sallar asuba na kira Yaya. Na gaya masa duka, ban rage ba ban ƙara ba: yabon da mutane suka yi, ƙaryar farko, gaskiyar da ta biyo baya. Na ce masa da yaron ya so zai iya cewa shi kaɗai ne a motar, kuma ba yadda za a yi in gane daga inji. Yaya bai katse ni ba. Da na gama ya ce, "Su biyun?" Na ce su biyun. Ya ce a gaya wa magabatan kada su wahalar da kansu.

Na ce, "Yaya, ko a ɗaga dai, a ba shi lokaci?"

Ya ce, "Kai kana ganin injin, ni ina ganin waɗanda ake cirowa daga cikin motar." Ya kashe waya.

Bayan 'yan kwanaki yarinyar ta hau jirgin ƙasa ta zo har gareji. Ba ta yi kuka ba, ba ta ɗaga murya ba. Ta gaishe ni yadda ta saba, ta tsaya kusa da motar, wadda har lokacin bonet ɗinta ke buɗe.

"Baffa, ya kira ni kafin ya dawo wurinka ranar nan. He was so scared. Ya ce zai ce maka shi kaɗai ne a ciki."

Na ce, "Amma bai faɗi haka ba."

"Ni na hana shi. Na ce duk abin da Baffa ya tambaye ka, ka gaya masa gaskiya. Na ce na san Baffana, in ka yi masa gaskiya zai tsaya mana."

Na buɗe baki in ce na roƙi mahaifinta, in ce ko yau aka sake haka zan yi. Dukansu gaskiya ne, amma ba wanda ya fito. Ta jira ni ɗan lokaci, sannan ta gyara mayafinta ta ce jirginta ya kusa tashi. Na ɗauko makulli na ce bari in kai ta tasha. Ta ce in bar shi, za ta hau bas.