Zanen Inna

Ranar da aka koya mini ma'anar ɓoye suna ba ta fita raina ba har yau. Lokacin ina majo, wato shugaban ma'aikatan jinya, a wani asibiti na yankin Gidan Rumji. Wasu masu bincike sun nemi mu tara musu hotunan masu ciwon daji, domin su koya wa odinater, wato kwamfuta, gane cutar tun tana ƙarama. Ƙa'idar a fili take: a nemi yardar majinyaci, a cire sunansa da garinsa, a ba shi lamba, in hoton fuska ne a shafa baƙi a kan idanu. Ni mutum ne mai son ƙa'ida, har yaran aikina suna cewa da ita nake karin kumallo.

Wata dattijuwa ta zo, bari in kira ta Inna. Fura take sayarwa a kasuwar Cadakori. Ƙari ya fito mata a muƙamuƙi, tana rufe shi da mayafi, don a can mutane da yawa sun ɗauka ciwon ana ɗaukarsa. Ranar da aka ji, ranar za a daina shan furarta, kuma da ita take ciyar da jikokinta.

Na yi mata bayani, ta yarda. Na ɗauki hoton, na shafe idanu, na juyo mata da shi ina jin daɗin aikina.

Ta daɗe tana kallo, sannan ta ce, "Ɗana, ido kun ka ruhe, kun ka bar sunana."

Na ce, "Inna, ai babu suna."

Ta ɗora yatsa a kuncinta. Zanen Gobirawa ne, daga gefen baki zuwa kunne, amma ɗaya ya karkace. Ta ce tana jaririya ta motsa, askar wanzami ta goce. "Da wanga zane aka kwatanta ni. Ko yaro ka aika kasuwa da shi, gabana za ya tsaya."

Na gwada shafe zanen, sai ƙarin ya ɓace tare da shi, don a ƙarƙashinsa yake. Na kira likitar da ke jagorantar aikin a Maradi. Ta ce gaskiya kafin odinater ya gani, ɗalibai ne za su tantance hotunan, wasunsu ma 'yan yankinmu ne. Ta ce in faɗa wa Inna haka, in bar mata zaɓi.

Na faɗa mata, raina ba daɗi, don irin hotonta ake nema. Sai ta tambaya ko hoton ƙashin da aka yi mata rannan zai yi amfani. Na ce zai yi, ko da bai kai wannan ba.

Ta ce, "To ku kai musu shi. Wanzami bai kai can ba."

A gabanta na goge hoton fuskar. Ta gyara mayafinta, ta tafi neman motar kasuwa.

Shi ya sa nake gaya muku, ku sabbin shiga aikin nan, ƙa'idar nan tana da kyau, amma waɗanda suka rubuta ta, da ido suke gane mutum. Kafin ku tura komai, ku nuna wa mai shi. Shi ya san inda garinsu ke kallo.