Rassan Bishiyar Philomene

Ina 'yar shekara goma sha biyar na fara jin sunan Mista Osbert, a bakin Kawu Fitzroy, kuma ba da daɗi ya ambace shi ba. Ranar Lahadi ce bayan an taso daga coci. Muna zaune a barandar Kaka, kawun ya zo daga birni da takardar sayar da gona a aljihun rigarsa.

"Mama, kada dai ki ce mini Fada Osbert za ki kira," in ji shi. "Mutumin da ke yawo da wuƙa yana ɗaura wa itatuwa aure?"

"Shi fa," in ji Kaka. "Ai ya fi ka. Kai naka auren ma sau biyu yana warwarewa."

Daga baya na gane ba limamin coci ba ne, tsokana ce ta sa ake ce masa Fada.

Abin da ya kawo maganar ya samo asali ne shekara bakwai kafin nan, lokacin da babbar guguwa ta bi ta kan tsibirinmu na Grenada. Kaka, wadda kowa ke kira Ma Lalie, tana da bishiyar gyaɗar ƙamshi fiye da ɗari, wasu mahaifinta ne ya dasa. Saiwar wannan bishiya ba ta nisa cikin ƙasa, don haka da iska ta lafa babu ko ɗaya a tsaye. A da, ɓawon gyaɗar muke shimfiɗawa a tsakar gida, kowa ya shigo sai an ji ƙarar takunsa. Bayan guguwa ɓawon ya ruɓe, ba a sami na ƙarawa ba, baƙo sai ya zo bakin ƙofa ba mu sani ba.

Ƙungiyoyin agaji sun yi mana abin da ba za mu manta ba. Sun kawo shinkafa da shuɗiyar tamfol, sannan kwanon rufi. A shekara ta biyu wata ƙungiyar coci ta raba wa kowane gida dashe arba'in. Sai dai gyaɗar ƙamshi akwai mace akwai namiji, macen ce ke 'ya'ya, kuma ba a bambance su sai sun yi fure bayan shekara biyar ko shida. Shi ya sa tun kaka da kakanni uku ake sawa a rami ɗaya, in sun nuna kansu a sare mazan. Kaka ta san wannan sarai. Amma ta dubi gonar ta ga fili fetal, ta ga arba'in a uku-uku rami goma sha uku ne kawai, sai ta dasa su ɗai-ɗai, ta ce Allah zai dube ta.

Da suka yi fure, ashirin da tara maza ne.

Kawu Fitzroy ba mugu ba ne. Shi ya ciyar da mu duk shekarun nan, ya kuwa gaji. Wani mutum yana son filin zai gina masaukin 'yan yawon buɗe ido, shirin kawun kuma shi ne Kaka ta koma ɗakin sama a gidansa a birni. Ita kuwa ta ce cibiyarta a gonar nan aka binne, ba ta ga abin da za ta je yi a saman bene ba.

Ranar Laraba Mista Osbert ya iso. Gajere ne, ya haura sittin, da takalmin roba da jiƙaƙƙen buhu a kafaɗa. Tun yana saurayi ya koyi auren bishiya, wato haɗa reshen wata a jikin wata, a wata babbar gonar koko.

"Ma Lalie, an ce kin tara gwauraye a gona."

"Ashirin da tara. Ci kawai suke yi, ba sa kawo komai, kamar mazan gidanku."

"To, yau za mu sama musu abin yi."

Ya zaga gonar, ya ware maza biyu ya ce a ƙyale su, don matan ma ba za su haihu su kaɗai ba. Sauran kuwa ya bi su da zarto yana datse kawunansu daidai ƙirjinsa. Kaka ta juya baya, ba ta iya kallo ba, bishiyoyin da ta yi wa ban ruwa shekara da shekaru ne. A kan kowane kututture yakan tsaga da wuƙa, ya ciro siririn reshe na mace daga buhun nan, ya fiƙe gindinsa, ya cusa, ya ɗaure tam da tsumman tsohuwar tamfol ɗin agaji. Duk gonar da ya taɓa a yankinmu da waɗannan shuɗayen ƙyallaye ake gane ta.

Ya ce a ba shi shekara uku. Da Kawu ya zo ranar Lahadi ya ce ya ji, amma ba zai ƙara ko wata ɗaya ba. Ya bar takardar a kan tebur, Kaka ta tura ta ƙarƙashin rediyo.

Bayan wata biyu, tara ne kawai suka kama. Sauran rassan sun bushe ƙayau. Kawu ya zo ya tsaya tsakanin kututturan yana girgiza kai.

"Fada, aurenka dai mutuwa yake yi."

"Na fari ne, Fitzroy. Kai ma ai ka san ana sakewa."

Ya sake. Wasu sai a karo na uku suka kama, huɗu kuma ba su taɓa kamawa ba. Duk sati biyu yana tafe a motar haya, ya duba ɗauri, ya kakkarye tohon da namijin ke fitarwa ta ƙasa. Ba ya karɓar komai sai abinci. Kaka takan dafa masa kifin gishiri da ɗanyar ayaba cikin madarar kwakwa, ya ci yana cewa gishiri ya yi yawa, ya kuma miƙa kwano a ƙara.

Sau ɗaya na je gidansa, lokacin da zazzaɓi ya kwantar da shi Kaka ta ba ni miya in kai. A bayan ɗakinsa na ga inda rassan ke fitowa. Bishiya ce guda, kwance a gefenta tun ranar guguwa, rabin saiwarta a sama, rabi a ƙasa. Ya tokare ta da duwatsu, ya tara mata ƙasa, ita kuma ta ci gaba da fitar da sababbin rassa suna miƙewa sama. Ko'ina a jikinta tabon wuƙa ne.

Maƙwabciyarsa, Tanti Ursula, ita ta ba ni sauran labarin ta kan shinge. Matarsa Philomene ce ta dasa bishiyar shekarar aurensu, kuma babu mai 'ya'ya kamarta a duk yankin. Philomene ta tsira daga guguwar, amma tana da ciwon suga, hanya ta toshe, magani ya ƙare, ta rasu kwana goma sha ɗaya bayan nan.

"Da zai bar bishiyar nan ta huta, da ita kaɗai ta riƙe shi," in ji Tanti Ursula. "Amma duk reshen da ya isa fure sai ya yanke ya kai wa wani. Na yi magana har na gaji. Kunnensa na icce ne shi ma."

Wata ma'aikaciyar ƙungiyar cocin nan ta dawo duba dashen da suka raba, ta ga shuɗayen ƙyallaye gona bayan gona, ta tambaya. Ba ta ɓoye kunyarta ba da ta ji labarin mazan. Daga nan ƙungiyar ta ɗauki nauyin kuɗin motarsa, ta sayi wuƙaƙe goma sha biyu, ya riƙa koyarwa a harabar coci duk Asabar. Sun kawo masa sabuwar ledar ɗauri, ya raba wa ɗalibai, shi ya ci gaba da yagar tamfol.

Saura wata biyu wa'adin Kawu ya cika, Kaka ta shigo gida da safe da haɓar zanenta a dunƙule. Ta zazzage a kan tebur: 'ya'ya bakwai, ruwan ɗorawa, kowanne ya tsage, jan zaren da ke naɗe da ƙwallon ciki yana leƙowa. Ta zaro takardar nan daga ƙarƙashin rediyo, ta shimfiɗa a rana, ta ɓare jan zaren ta shanya a kai. A haka Kawu ya zo ya same ta ranar Lahadi. Ya daɗe yana kallo, sannan ya tambaya ko akwai tsohon takalmin roba da zai shiga gona da shi.

Kaka ta yi shekara shida bayan nan, a gidanta ta rasu. Yanzu ni da mahaifiyata ke kula da gonar, tsakar gidan kuma ta koma yin ƙara in an taka.

Mista Osbert ya rasu bara. Zuwansa na ƙarshe gonarmu ya same ni ina rubuta sunayen dangi a bayan tsofaffin hotuna, aikin da kowa a gida ya bar mini. Ya zauna a bakin baranda yana huci.

"'Yar makaranta, an ce ke ce mai riƙe wa gidan nan labari."

Na ce, "Ina dai ƙoƙari, Mista Osbert."

"To, ga abu ɗaya. Na ji yara sun fara cewa itatuwan Fada. Ni wuƙa kawai na riƙe. In kin zo ba wa 'ya'yanki labarin gonar nan, ki gaya musu bishiyar Philomene ce. Ki faɗi sunan sosai, yadda za su riƙe."