Faifan da Zarto Ya Ci wa Ƙarshe

Sha'aban mai ɗaurin kaya a unguwar Sanyuanli ta ƙasar China ba a san shi da komai ba sai salatif da fito. Shekara tara yana naɗe wa 'yan Kantin Kwari dilolin da suka saro a kasuwar Canaan, kuma fiton nan guda ɗaya ne. In ya zo ƙarshe sai ya kama lalube. Jika, abokin aikinsa, ya ce ko ƙararrawar lifta ta fi shi sabon zance.

Fiton gado ne. Yayansa Abdulgafar, mai gyaran rediyo a Fagge, ya tsinci wani kaset marar suna a rikodar da wani malami Ba'amurke ya kawo gyara bai dawo ba. Kiɗa ɗaya minti ashirin, jita da sarewa da wani abu mai kuka kamar tsohuwar ƙofa. Yaya ya rasu, kaset ya ɓace. Tun daga nan ƙarshen kiɗan, wani sanyayyen wuri mai saukowa a hankali, yake zubewa daga kan Sha'aban kaɗan-kaɗan.

Wata Juma'a, an sauko daga Masallacin Huaisheng, ya ji kiɗan yana fitowa daga wani lungu. Ya bi sautin. Shagon wani tsoho ne ɗan Sin, cike da fayafayan da suka yi kwantai a Amurka, aka tsaga gefensu da zarto aka turo su nan a matsayin shara. Shi kuwa faifan CD daga tsakiya yake farawa, don haka ƙarshe zarto yake ci. Kiɗan na zuwa daidai wurin, ya shaƙe.

"Laoban, maigida, babu lafiyayye?" in ji Sha'aban.

"Meiyou," in ji tsohon. Wato babu.

Wata bakwai Sha'aban yana tonon kwalaye. Ya haddace sunayen makaɗan ƙauyukan Ohio da ko iyayensu mata sun manta sun yi faifai.

"Mutumina," in ji Jika, "an aiko ka China neman arziki, ka zama farfesan gantalallu."

Ran nan tsohon ya miƙo masa lafiyayye, ko ƙwarzane babu. Bayan azahar Sha'aban ya zauna kan dila a sito, ya kunna faifan, ya toshe kunnuwa da abin sauraro. Kiɗan ya wuce inda yake shaƙewa, sai ganguna suka ɓarke, aka yi ta hayaniya, aka tsaya cak. Sanyayyen wurin babu shi.

Sai a lokacin ya tuna. Kaset ɗin Yaya ma daidai inda tsagaggen faifan ke shaƙewa yake ƙarewa, ya yi ƙas! Yaya ne ke ɗorawa da bakinsa, kansa a sunkuye cikin rediyo.

Ya zare abin kunnen, ya tattara leɓe zai kamo na Yaya. Gangunan Amurkawa suka fito. Ya sake. Su ne dai.

"To, ka ji ƙarshen?" in ji Jika. "Yi mana mu huta."

Sha'aban ya sake gwadawa.