Sunayen da Ban Gama Karɓa Ba Daga Bakin Unci Theda

Da hantsin ranar Talata, 11 ga Maris, ina cikin aji aka kira ni ofis. Kawuna Duane na tsaye a bakin ƙofa, hularsa a hannu. Ya ce, "Ɗauko jakarki. Unci ta tafi." Kakata Theda Little Elk, wadda muke kira Unci, wato kaka a harshenmu na Lakota, ta rasu a gidanta da ke garin Kyle, tana da shekara tamanin da shida.

Unci, yau kwana huɗu muna girki, muna wanke tukwane, muna tarbar baƙi. Mun yanke gashinmu, kamar yadda al'adarmu ta makoki ta tanada. Duk jikina ciwo yake, amma dole in rubuta miki, tunda kin san na fi iya rubutu a kan magana.

Ke kika san asalin kowa. Idan saurayi ya fara zagaya wani gida, uwar yarinyar takan zo miki da ɗan ƙullin taba, ta tambaya ko akwai jini a tsakani. Sai ki rufe ido ki yi ta jero sunayen dangogi: wane Oglala ne, uwarsa Sicangu ce daga Rosebud, kakarsa Mnikoju. Na tuna ranar da kika ce wa yayana Wendell, "Wannan da kake ta wanke mota dominta, ƙanwarka ce. Je ka nemi wata, ƙasar da faɗi." Sati guda bai ci miyarki ba, sannan yunwa ta dawo da shi.

Ni kika zaɓa ki bar wa sunayen. Muna kitsa jijiyoyin dankalin daji kamar igiya don shanya kika ce, "Takoja, jikata, bakinki a rufe yake, saboda haka kunnenki a buɗe yake." Kin koya mini wuta bakwai, wato manyan rassan al'ummarmu, da dangogi bakwai na Lakota, da kakannin mahaifinki na Oglala har hawa shida. Saura ɓangaren mahaifiyarki, Hunkpapa na arewa. Sau biyu kika aiko a kira ni a watan Janairu, na ce ina da jarrabawa, a bari sai hutu.

Jiya da rana wata mota ta iso zauren makoki daga Standing Rock, can arewa. Wani tsoho mai sanda, Ambrose, ya fito. Aka nuna masa ni, aka ce ga wadda Theda ta koyar. Ya ce, "To, 'yar boko, faɗa mini, ni wane ne a wurinki?" Na kalli takalmina. Goggona ta yi sauri ta ce masa, "Kunya gare ta, Lala," wato kaka namiji. Ba kunya ba ce, Unci. Ban sani ba ne.

Da ya zauna, na roƙi taba wurin Kawu Duane, na haɗa da kofi na kai masa, na faɗa masa gaskiya. Ya karɓi tabar, ya kurɓi kofin. Sannan ya ce shi ɗan ƙanin mahaifiyarki ne, tare kuka yi kiwon dawaki kuna yara. Ya fara jero mini sunaye, ya yi huɗu, a na biyar ya tsaya yana murza goshi. Ya ce, "Theda ce ke tuna mini wannan. Ki zo gidana da littafinki, kuma ki yi sauri, ni ma ba dutse ba ne."

Kawu zai kai ni ranar Asabar, tafiyar awa shida. Abin da ya rage a kansa zan karɓo. Sauran kuwa kin tafi da shi, kuma ni na bari.

Mahalicci ya ji ƙanki, ya sauƙaƙa miki hanya, ya haɗa ki da mutanen da kika yi ta kiran sunayensu. Ina yi wa mahaifiyata, da Kawu Duane, da Lala Ambrose, da danginmu na kudu da na arewa ta'aziyya. Ki yafe mini Janairu.

Tashina Little Elk